Neman Uwargijiya a Kan Dandamali

A shekarar 1989, a jihar Kalifoniya ta Amurka, wata mata mai kimanin shekara hamsin ta hau dandamali ita kaɗai, ba abokin wasa ko ɗaya. Kafin ta sauka ta zama mata goma sha shida, ɗaya bayan ɗaya. Ta zama macen zamanin da mutane ke kwana a kogo, ta zama mai hidimar ɗakin bauta a tsohuwar Masar, ta zama wata da ta ga cin zarafin da aka yi wa wata ƙwarƙwara a wani labari na Baibul, ta zama wadda aka kama da sunan maita a Turai, har ta gangaro zamaninmu. Sunanta Carol Lynn Pearson, marubuciyar waƙoƙi ce da ta karanci wasan kwaikwayo a jami'a. Sunan wasan Mother Wove the Morning, wato Uwa ce ta saƙa safiya. Ta yi shi sama da sau 300 a cikin Amurka da wajenta, aka buga shi littafi a 1992. Duk matan nan goma sha shida tambaya ɗaya suke yi, kowace da harshen zamaninta: an ce mana akwai Uba a sama, to ina Uwa?

Mun san tambayar za ta daki kunnen mafi yawan masu karanta mu. Ga Musulmi maganar a yanke take tun a makarantar allo: Allah ba namiji ba ne, ba mace ba ce, ba Shi da mata, ba Shi da ɗa, kuma babu abin da ya yi kama da Shi. Idan muka ce "Shi" ko "Ya", tilas ɗin nahawu ce, domin Hausa, kamar Larabci, ba ta barin suna ya wuce ba tare da ta ba shi jinsi ba. Bayarabe ba shi da wannan damuwa, wakilin suna ɗaya yake amfani da shi ga namiji da mace. Saboda haka ba neman wata abar bauta ya kawo mu nan ba. Abin da ya kawo mu shi ne tarihin wannan tambaya, wadda mata suka daɗe suna kaiwa fagen wasa, kuma wadda ta taɓa ratsawa ta tsakar gidanmu.

Ko a bakinmu ma akwai ɗan abin lura. Kalmar Ubangiji tana da ta mace, uwargijiya. Ta namijin ta hau sama ta zama sunan Mahalicci. Ta macen ta tsaya a ƙasa, a kan matar da ke da bayi ko barori.

Don a gane abin da ya ingiza Pearson, sai an san cocin da ta tashi a ciki. Joseph Smith ne ya kafa cocin Mormon a 1830, hedkwatarsa yanzu tana birnin Salt Lake a jihar Utah, inda aka haifi Pearson a 1939. Aƙidarsu ta saɓa wa ta sauran Kiristoci a wurare da dama, daga ciki har da cewa rayukan mutane 'ya'ya ne na iyaye biyu a sama. A 1845 wata mawaƙiyarsu mai suna Eliza R. Snow ta rubuta waƙar ibada da ta ambaci wannan Uwa, kuma har gobe suna rera ta. Amma ba a yi mata addu'a, ba a cika yin wa'azi a kanta ba. Kamar a ce wa yaro uwarka tana cikin ɗaka, sannan a hana shi shiga gaishe ta. A 1991 Gordon B. Hinckley, ɗaya daga cikin manyan shugabannin cocin a lokacin, ya faɗa a fili cewa bai dace kowa ya yi addu'a ga Uwar sama ba. A watan Satumba na 1993 aka hukunta wasu marubuta da masana shida na cocin, cikinsu da Lynne Whitesides, wadda aka dakatar, kuma an san ta da yawan magana a kan wannan batu. A 1995 aka kori Janice Allred saboda rubuce-rubucenta, wannan batu na cikinsu. Sai a 2015 cocin ya fitar da ɗan gajeren bayani na hukuma a kan aƙidar.

Pearson kuwa ba a kore ta ba. A ganinmu dandamalin ne ya kare ta. Abin da mai maƙala ya rubuta, shi ya faɗa. Abin da ɗan wasa ya faɗa, ana iya cewa ai wance ce ta cikin wasa ta faɗa. Wanda ya taɓa kallon tashe a watan azumi ya san wannan dabara: yaro ya manna gemun auduga ya kwaikwayi malami ko tsoho, kowa ya yi dariya, saƙo kuma ya isa.

Wasan Pearson ya jingina da wani labari da ya yi tashe sosai a Amurka da Turai daga shekarun 1970. Labarin yana cewa an yi wani zamani mai nisa da ɗan Adam yake bauta wa wata babbar Uwa, mata suna da daraja, babu yaƙi, sai wasu mayaƙa masu bautar alloli maza suka zo suka kifar da komai. Merlin Stone ta yaɗa shi da littafinta When God Was a Woman a 1976, Marija Gimbutas, masaniyar tonon kayan tarihi 'yar asalin Lituweniya, ta ba shi nauyin jami'a. Hujjarsu 'yan gumakan mata ne da aka yi ta tonowa, irin wanda aka samu a Willendorf ta ƙasar Ostiriya a 1908, ɗan dutse mai tsawon santimita 11, da wanda James Mellaart ya samu a 1961 a kufan Çatalhöyük na Turkiyya, mace mai ƙiba zaune tsakanin namun daji biyu. Labari ne mai daɗi, kuma mun ga dalilin da ya sa mace mai jin an ware ta za ta rungume shi. Sai dai da Ian Hodder da ayarinsa suka koma Çatalhöyük a 1993 suka shafe shekaru fiye da ashirin suna tono, sun tarar da cewa siffofin dabbobi sun fi na mata yawa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu a juji aka jefar da su. Ƙasusuwan mutanen garin sun nuna maza da mata kusan abinci iri ɗaya suka ci, rayuwa iri ɗaya suka yi. Babu alamar mulkin mata, babu kuma ta mulkin maza. A 2000 Cynthia Eller, wadda ita ma mai rajin kare haƙƙin mata ce, ta rubuta littafi guda tana cewa labarin tatsuniya ce, kuma gina fata a kan tatsuniya ba zai amfani mata ba.

Bari mu bar zamanin da ba a rubutu, mu zo inda akwai shaida. Idan ana son a ga garin da abar bauta mace ke sarauta, babu kamar Atina ta ƙasar Girka a ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma can ne wasan kwaikwayo irin na Turai ya samo asali. Sunan garin ma na Atena ne, wadda suke ɗauka mai kare su. Gunkinta na zinariya da hauren giwa ya kai kusan mita 12. Kimanin kilomita 20 daga garin akwai Eleusis, inda duk shekara ake taruwa a yi bukin asiri na Demeter, uwar hatsi, da 'yarta da sarkin lahira ya sace. Uwa ce ke yawo da fitila tana neman 'yarta, ta hana ƙasa tsiro har sai an mayar mata da ita. An shafe shekaru ɗaruruwa ana wannan buki, kuma hukuncin wanda ya tona asirinsa kisa ne.

To yaya matan Atina suke a ƙarƙashin wannan inuwa? Ba su da ƙuri'a, ba su da kujera a majalisa. Kowace tana ƙarƙashin waliyyi namiji tun daga haihuwa har mutuwa, kuma doka ba ta yarda ta yi cinikin da ya wuce kimar awo ɗaya na sha'ir ba da kanta. A dandamali kuwa ko ƙafa ba su sa ba. Duk matan da muke karantawa a wasannin Girka, da sarauniya da baiwa da allahiya, maza ne suka fito a matsayinsu sanye da fuskar roba ta wancan zamani, wadda da ƙyalle da manne ake yi.

Wasan da ya fi ba mu mamaki a nan shi ne na ƙarshe a jerin Oresteia na Aeschylus, wanda aka fara nunawa a shekara ta 458 kafin haihuwar Annabi Isa. Orestes ya kashe uwarsa don ɗaukar fansar ubansa da ta kashe. Wasu tsofaffin alloli mata, masu bin jinin dangi, suka biyo shi suna neman ransa. Aka kai ƙara gaban kotu a Atina. Apollo, mai kare wanda ake tuhuma, ya kawo hujjar da har yau take sa mai karatu ya ajiye littafi ya numfasa: wai uwa ba ita ce mahaifiyar ɗa ba, ajiyar iri kawai aka ba ta, mai shuka shi ne mahaifi. Shaidarsa kuwa Atena ce da kanta, wadda tatsuniyarsu ta ce daga kan ubanta ta fito, ba ta kwanta a cikin kowace mace ba. Ƙuri'u suka zo kunnen doki, kuma goyon bayan Atena ne ya kuɓutar da Orestes, bayan ta faɗa da bakinta cewa ita a ɓangaren namiji take. Su kuwa tsofaffin alloli matan aka lallashe su, aka ba su masauki a ƙarƙashin ƙasa. Ga abar bauta mace, a garinta, a gaban dubban 'yan kallo, tana yanke hukuncin cewa jinin uwa bai kai na uba ba.

Matan Atina suna da bukinsu na kansu, Thesmophoria, kwana uku a lokacin shuka, na matan aure zalla. Suna barin gidajensu su kafa bukkoki, su yi azumi a rana ta biyu suna zaune a ƙasa, a ɗebo ruɓaɓɓen naman 'yan aladu da aka jefa cikin ramuka a gauraya da irin shuka. Namiji ba ya zuwa. Hoton wannan buki da ya zo mana daga dandamali, wasan barkwanci ne na Aristophanes na shekara ta 411, inda aka aske wani tsoho aka sa masa kayan mata ya saci jiki ya shiga don ya ji abin da suke ƙullawa. Wato namiji ya rubuta, maza suka yi wasan, kuma labarin na namiji ne mai leƙen asiri. Abin da matan suke faɗa wa Demeter a tsakaninsu ya tafi da su.

Mai karatu Musulmi ba ya buƙatar zuwa Girka don ya ga irin wannan. Larabawan Jahiliyya manyan gumakansu uku mata ne: Lata a Ɗa'ifa, Uzza a Nakhla, Manata a bakin teku tsakanin Makka da Madina. Suratun Najmi ta ambace su da sunayensu, ta kuma kushe rabon da ya ba Allah 'ya'ya mata alhali masu rabon maza suke so wa kansu. A cikin wannan al'umma ne wasu ke binne 'ya mace da ranta.

Abin da ya fi kusa da burin Pearson bai faru a ƙasar masu gumaka ba, ya faru ne a gidan 'yan zuhudu mata na Kirista a bakin kogin Rhine na Jamus. Hildegard ta Bingen, wadda aka haifa a 1098, iyayenta suka ba da ita ga coci tun tana yarinya. Wajen 1150 ta kwashe mata kusan ashirin ta bar gidan zuhudun da maza ke iko da shi, duk da ƙin shugabansa, ta gina nata a kan tudun Rupertsberg. A wannan tsakanin ta rubuta Ordo Virtutum, wasan kyawawan halaye, baiti da karin waƙa duka nata. Yana da kari 82, kuma shi ne wasan waƙa mafi tsufa a Turai da aka san wanda ya tsara shi.

Labarin ba shi da wuya. Rai, wadda mace ce a wasan, tana ɗokin shiga sama tun ba ta sha gwagwarmayar duniya ba. Shaiɗan ya yaudare ta ta bi shi. Ta dawo da raunuka tana kuka. Halaye na gari fiye da goma sha biyar, dukkansu mata, da Tawali'u a matsayin sarauniyarsu, da Ƙauna da Tsoron Allah da Biyayya da Haƙuri da sauransu, suka karɓe ta, suka taru suka ɗaure Shaiɗan. Dabarar da ta fi burge mu ita ce kowa a wasan waƙa yake yi, ban da Shaiɗan. Shi sai dai ya yi ihu da hargowa, domin a wurin Hildegard wanda ya rabu da Allah ya rabu da daɗin murya. Masana da dama suna ganin Volmar, limamin gidan kuma magatakardanta, shi ne ya fito a Shaiɗan, tunda shi ne namijin da ke kusa. Kafin a gama, Shaiɗan ya yi wa Kamewa gorin cewa cikinta bai taɓa ɗaukar ɗa ba, gorin da mace marar haihuwa ta kowace ƙasa ta sani, ita kuma ta mayar masa da labarin Maryam.

Hildegard ba ta ce akwai wata Uwa a gefen Allah ba. Abin da ta yi shi ne ta ɗauki siffofi irin Hikima da Ƙauna, ta gan su a wahayinta da kamannin mata masu kwarjini, sannan ta sa matan gidanta su tsaya a matsayinsu. Bai wuce ba tare da surutu ba. Wata shugabar 'yan zuhudu mai suna Tenxwind ta rubuto mata wasiƙa, da ladabi a sama da zafi a ƙasa, tana tambayar dalilin da ya sa a ranakun idi matanta ke tsayawa a coci gashi a sake, da fararen mayafan alharini har ƙasa da kambin zinariya a ka, alhali manzo Bulus ya umarci mata da kamun kai a tufafi. Hildegard ta amsa cewa wancan umarni na matan aure ne. Ba za mu rufe aibinta ba: a wasiƙar an kuma tambaye ta me ya sa 'ya'yan manya kaɗai take karɓa, ta kare hakan da cewa ba a haɗa shanu da jakuna da tumaki a garke ɗaya. A ƙarshen rayuwarta hukumomin cocin Mainz suka hana gidanta rera waƙar ibada saboda ta ƙi tone gawar wani da aka binne a maƙabartarsu, wanda suka ce korarre ne daga coci. Tana da shekara tamanin ta yi ta rubutu har aka janye hanin, watanni kaɗan kafin rasuwarta a watan Satumba na 1179. A 2012 Fafaroma Benedict na 16 ya sa ta cikin manyan malaman cocin Katolika.

Ƙarnonin da suka biyo baya za mu ratsa su da sauri. Tsakanin wajen 1450 da 1750 an kashe mutum dubu 40 zuwa 60 a Turai bisa zargin maita, kusan kashi uku cikin huɗu mata. Adadin miliyan tara da ya yi ta yawo a littattafan masu fafutuka ba shi da tushe, haka ma ra'ayin Margaret Murray na 1921 cewa waɗanda aka kashe mabiya wani tsohon addini ne a ɓoye. Caryl Churchill ta fi kusa da gaskiya a wasanta Vinegar Tom na 1976, wanda babu mayya ko ɗaya a cikinsa, sai talakawan mata, da tsohuwa mai kaifin baki, da mai maganin gargajiya, da maƙwabtan da saniyarsu ta kamu da ciwo suna neman wanda za su ɗora wa. A Amurka, ɗarikar Shaker da Ann Lee ta kai can a 1774 ta koyar da cewa Allah Uba ne kuma Uwa, ta kuma raba shugabanci tsakanin maza da mata. Elizabeth Cady Stanton ta fitar da sharhin mata a kan Baibul a 1895, ƙungiyar neman wa mata ƙuri'a da ta taɓa shugabanta ta barranta da littafin a shekara mai bi. Da 'yar Shaker da Stanton duk suna cikin matan Pearson.

Kafin Pearson da shekara goma sha uku, a Satumban 1976, wasan Ntozake Shange da ake taƙaita sunansa da For Colored Girls ya hau babban dandamalin Broadway a New York. Mata bakwai baƙar fata, ba su da suna sai launin rigunansu, suna waƙa da rawa suna ba da labarin fyaɗe da zubar da ciki da yaudarar maza. Labari na kusa da ƙarshe na wani tsohon soja ne da ya saki 'ya'yansa biyu daga tagar bene a gaban uwarsu. Bayan wannan ne matan suka taru suka ɗora wa juna hannu, ɗaya ta ce ta sami Allah a cikin kanta, ta kuma ambace shi da lamirin mace. Shange ba ta tono wani gunki daga ƙasa ba, ba ta kafa hujja da tarihi ba. Mace ce da aka wulaƙanta har ta ɗauka ko a sama ba ta da mai jin ta. A nan muke ganin ainihin abin da ake nema a yawancin waɗannan wasanni, wato tabbacin cewa Wanda ake roƙo bai raina mace ba. Malamanmu sukan tuna mana cewa a Larabci rahama da mahaifa saiwarsu ɗaya, kuma akwai hadisi a Buhari da Muslim na wata mata cikin fursunonin yaƙi da ke ta neman jaririnta, Annabi (SAW) ya nuna wa sahabbai ita ya sanar da su cewa tausayin Allah ga bayinSa ya fi nata ga ɗanta. Sau nawa ake karanta wa mata wannan a wa'azi, idan aka kwatanta da hadisan tsoratarwa, wannan kowa ya amsa wa kansa.

A Najeriya, dandamalin Yarabawa bai sha wahalar nemo alloli mata ba, suna nan a kogunansu. A wasan Oba Koso na Duro Ladipo, wanda ya je bukin Berlin a 1964, matarsa Abiodun ce ta fito a Oya, har sunan ya bi ta. Amma Femi Osofisan, a Women of Owu da aka fara nunawa a Ingila a 2004, bai yi wa matan garin Owu da aka ci da yaƙi a shekarun 1820 wani alkawari daga sama ba. Lawumi, allahiyar wasan, ita ce ta yarje a rusa garin, ba ta kuma juya wa mayaƙan baya ba sai da suka keta alfarmar wuraren bauta. Zawarawan Owu kuwa aka raba su kamar ganima.

Sai mu dawo gida. A littafin da Yemi Ogunbiyi ya tattara a 1981 a kan wasan kwaikwayo a Najeriya akwai babi guda na Andrew Horn a kan bori, kuma tun lokacin ake muhawara ko bori wasa ne ko ibada. Kayan wasa dai duk akwai: fili, da 'yan kallo, da masu garaya ko goge, da mata masu kiɗan ƙwarya, kowane iska da kirarinsa da kiɗansa da tufafinsa da irin tafiyarsa. Bambancin shi ne ɗan wasa ya san wasa yake yi, ita kuwa goɗiyar da iska ya hau idan ta yi atishawa ta farfaɗo cewa take ba ta san abin da ya faru ba. Cikin iskokin akwai Inna, wadda ake kuma dangantawa da Doguwa, uwa a gidan iskoki. Ba mahalicciya ba ce, ko Maguzawa sun san Allah yana sama da iskoki. Kuma wanda ke zaton uwa ta ɓoye dole mai taushin hali ce, ya tuna sunan da muke kiran cutar foliyo da shi har a sanarwar rigakafi ta gidan rediyo: shan inna. Ita ce aka yi imani tana shanye ƙafar yaro.

Bori ya ba mata abin da ba su samu a wani wuri ba: taro, da magani, da murya, da sarauta. A Gobir akwai sarautar Inna, 'yar gidan sarauta, shugabar masu bori, mai faɗa a ji a fada, kuma sarautar tana nan a Tsibiri ta Jamhuriyar Nijar. Masu jihadi sun yaƙi bori a matsayin shirka, amma bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 gidajen Sakkwato da ƙauyukanta sun cika da matan da a cikinsa suka tashi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane cewa hani kaɗai ba zai raba mace da wurin da take kai kukanta ba. Ta rubuta littafi a kan magani da ayoyi da addu'o'i. A shekarun 1830 ta yi waƙar tawassuli da mata masu albarka, ta jero matan Annabi da 'ya'yansa da waliyyai irin Rabi'atul Adawiyya, har da matan zamaninta, don mace ta san tana da magabata a wannan hanya. Sannan ta kafa 'Yan Taru. Daga kowane ƙauye ake zaɓar dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, ta riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan mata zuwa wurin Asma'u, su haddace waƙoƙi su koma su koya wa matan aure da ke cikin gida.

Kayan naɗin jajin shi ne abin lura. Kamar yadda Jean Boyd, wadda ta shafe shekaru masu yawa a Sakkwato tana bin tarihin Asma'u, ta rubuta, ana ba jaji malfa ne a naɗa mata jan rawani a kai, irin kayan da aka san Innar Gobir da su. Macen ƙauye da ta hango malfar daga nesa ta san mai ita shugaba ce tun kafin ta buɗe baki, sai dai da ta buɗe bakin, waƙar tauhidi da farillan alwala ke fitowa. Boyd ta tarar da jajis suna kan aikinsu a ƙarni na ashirin, kuma a littafin da ta rubuta da Beverly Mack a 2013 sun ba da labarin wasu Musulmi mata baƙaƙen fata a birnin Pittsburgh na Amurka da suka kafa nasu 'Yan Taru, suna karanta waƙoƙin Asma'u a fassarar Turanci.